Gatsby da Lefen Auta

Asabar, 2 ga Agusta

Hutu ya kankama. Sakamakon yara na cike na miƙa, sai wata mai zuwa kuma. Na tono The Great Gatsby daga kwalin littattafan jami'a, gara ta ɗan taɓa gefe ɗaya. Bana, 2025, ya cika shekara 100, don ranar 10 ga Afrilu 1925 ya fito a New York. Wancan karon saboda jarrabawa na karanta shi, na haddace sunaye na zuba a takarda na manta. Yanzu ba mai tambayata.

Babi na ɗaya kawai. Bazarar 1922. Nick Carraway, ɗan gidan mutunci daga tsakiyar Amurka, ya zo gabas koyon cinikin takardun lamuni, ya kama ɗan gida na dala 80 a wata a West Egg. Maƙwabcinsa attajiri ne da ba wanda ya san asalinsa. Tsallaken ruwa kuma East Egg, masu kuɗin gado. Can Daisy take, 'yar uwar Nick, da mijinta Tom Buchanan. Ana cin abinci waya na ƙara, kowa ya san wadda ke kiran Tom, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Ƙanena Auta shiru.

Lahadi, 3

Ya kira. Murya sama-sama, hayaniyar Legas a bayansa. "Yaya, ki fara jin farashi. Akwati shida." Na ce shida? Da wane kuɗin? Sai dariya. "Ke dai ki shiga Kwari."

Gidan su yarinyar da yake nema sun ba da wa'adi. Kafin Maulidi a turo magabata a sa rana, in ba haka ba akwai mai jira. Mai jiran kowa a unguwa ya san shi, gidajen mai gare shi. Hajiya ko abincin dare ba ta ci ba.

Litinin, 4

Ruwa tun asuba. Ba wuta. Babi na biyu da na uku a bakin taga.

Tsakanin gidajen masu kuɗi da birni akwai jujin toka, inda ake zubar da abin da New York ta ƙona. Nan George Wilson ke da gareji, matarsa Myrtle ita ce ta Tom. Duk mai zuwa shagali sai ya ratsa ta wajen, sai dai ba mai tsayawa in ba mai zai sha ba.

Sai liyafar Gatsby. Kowace Juma'a akwati biyar na lemo daga birni, ranar Litinin a kwashe ɓawo ta ƙofar baya. Makaɗa, fitilu, mutanen da ba a gayyace su ba. Giya kamar ruwan famfo, alhali dokar Amurka ta hana sayar da ita tun Janairun 1920, ba a ɗage ba sai 1933. Mai gidan shi kansa ba ya sha. Yana tsaye gefe yana kallo, baƙinsa na cin abincinsa suna raɗe-raɗin ya taɓa kashe mutum.

Abin da ya tsaya mini: ɗakin karatunsa. Wani baƙo mai manyan tabarau ya zaro littafi yana mamaki, ashe na gaske ne ba kwali ba. Amma shafukan a manne suke yadda suka fito daga maɗaba'a, ba a taɓa yanka su ba. Ya sayi komai, bai karanta ko ɗaya ba.

Laraba, 6

Kwari. Taɓo har idon sawu, 'yan dako na ta "hanya, hanya". Mai shagon da muka saba ya yi ta warware atamfa a kan benci, ya ɗora leshi, ya ɗora shadda, kowanne in ya faɗi kuɗinsa sai ya ƙara da "kuma gobe ba haka ba ne, Hajiya". Na rubuta a bayan ambulan. A Adaidaita na haɗa lissafin, na sake haɗawa ko na yi kuskure. Ban yi ba. Albashina na shekara ba zai cika akwati shidan nan ba.

Da dare babi na huɗu. Jordan Baker, ƙawar Daisy, ce ta fasa ƙwan. Louisville, Oktoban 1917, Daisy na da shekara 18, Gatsby ƙaramin hafsan soja, ba shi da ko sisi sai kaki, kuma kaki na ɓoye talauci. Aka tura shi yaƙi Faransa. Ta jira, ta gaji. Yunin 1919 ta auri Tom, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Ana gobe ɗaurin aure wasiƙa ta zo. Aka same ta a buge, ita da ba ta taɓa sha ba, sarƙar a kwandon shara, tana cewa a mayar. Suka tsoma ta a ruwan sanyi, wasiƙar na dunƙule a hannunta har ta jiƙe ta dagargaje. Suka mayar mata da sarƙar a wuya. Washegari ƙarfe biyar aka ɗaura.

Ba a gaya mana abin da ke cikin wasiƙar ba. Matan da suka yi mata wankan ma ba su sake tada zancen ba. Na san irin shirun nan.

Da ina cewa Daisy muguwa ce kawai. Yau ban iya faɗa ba.

Alhamis, 7

Alat ya shigo ina tsakiyar wanke-wanke. Na goge hannu na ƙirga sifilin da yatsa. Hajiya ta ɗaga hannu sama, Allah ya yi wa Auta albarka, Allah ya ƙara buɗi. Malam ya karɓi wayar ya duba ya miƙo mini. "Wace sana'a ma kika ce yake yi?" Wayoyi. "To." Daga nan bai ƙara ba, ya fita masallaci.

A babin jiya akwai wani Meyer Wolfsheim, abokin harkar Gatsby, mai maɓallan hannun riga na haƙoran mutum. Shi aka ce ya sayi gasar ƙwallon gora ta Amurka a 1919. Abin ya faru da gaske, kuma Arnold Rothstein, ɗan cacar da aka zarga, shi Fitzgerald ya kalla ya zana shi. Nick ya ci abinci da mutumin, ya ga haƙoran, bai fasa yi wa Gatsby dillancin Daisy ba.

Kuɗin na asusuna. Ban taɓa ba.

Juma'a, 8

Babi na biyar. Nick ya gayyaci Daisy shan shayi, Gatsby zai shigo kamar tsautsayi. Ya turo mai yankan ciyawa, ya turo furanni har gida ya cika, ga ruwan sama. Mutumin da ke tara ɗaruruwa a gidansa ya rasa inda zai sa hannunsa, ya jingina da agogon Nick saura kaɗan ya fasa. Na yi dariya ni kaɗai. Nan ne kawai na gan shi mutum.

Sai ya ja ta zuwa fadarsa. Ɗaki bayan ɗaki. A ƙarshe ya buɗe kabad ya fara watso riguna a kan tebur, na siliki, na lilin, kala-kala, wani mutum ne a Ingila ke sayo masa yana aikowa. Tuli ya taru. Ta sa fuskarta a ciki ta fashe da kuka.

Wannan ai buɗen lefe ne. Mata a zagaye, ana ɗaga turmi ɗaya-ɗaya ana guɗa, ana ƙirgawa a zuci. Bambancin, nasa kayan ne ya baje ba nata ba. Kukan na mene ne? Na shekara biyar da suka wuce? Na cewa da ta ƙara haƙuri da ta samu duka biyun, so da sarƙa? Fitzgerald bai ce ba, ya bar ta da zancen kyawun riguna.

Koriyar fitilar nan ta bakin gaɓar gidanta, da yake miƙa wa hannu cikin dare, yau ta koma fitila kawai tunda mai ita na tsaye kusa da shi. Nick ya lura kamar murnar ta ɗan rage masa.

Asabar, 9

Wanki bai bushe ba. Ciwon kai. Ko shafi ɗaya.

Litinin, 11

Wuta ta zo, na yi caji, na shiga intanet neman marubucin. Ashe labarin gida ne.

Fitzgerald, haifaffen St. Paul a 1896. Tun yana ɗalibi a Princeton ya so Ginevra King, 'yar attajiran Chicago, abin bai yiwu ba. A 1918 yana soja a Alabama ya haɗu da Zelda Sayre, 'yar alƙali a Montgomery. Aka yi baiko. Ya tafi New York yana rubuta tallace-tallace a ɗan albashi, ta ga ba alamar ci gaba, Yunin 1919 ta warware. Ya koma gidan iyayensa ya kulle kansa ya gyara littafinsa na farko. This Side of Paradise ya fito 26 ga Maris 1920, kasuwa ta karɓa. Ranar 3 ga Afrilu aka ɗaura musu aure. Kwana takwas tsakani.

Wato shi ya ci nasara. Ya nemo kuɗin, ya dawo kan lokaci, ya samu yarinyar. Duk da haka bayan shekara biyar ga littafin da ya rubuta. A ganina bai taɓa mance cewa sai da kuɗi suka zo ta zo ba. Wanda aka taɓa aunawa da sikeli, ko ya yi nauyi daga baya, sikelin na nan a ransa.

Nan tsorona yake game da Auta. Ba rashin samu kaɗai ba. Har samun.

Talata, 12

Yarinyar ta zo da la'asar, wai an aiko ta maƙwabta ta biyo. Ta zauna bakin tabarma, tana murza gefen hijabi. Na zuba mata kunun aya, ta riƙe kofin har ya huce a hannunta.

"Anti, ni fa ban ce masa akwati shida ba."

Na ce na sani.

"In ya kira lissafi kawai. Fili, mota, irin gadon da zai saya." Ta yi shiru. Ashe ta samu gurbin karatun jinya, sunanta ya fito tun makon jiya. Ta gaya masa, ya ce madalla, ya ci gaba da zancen fili. Na tambaye ta mai gidajen man fa? Ta ce Baba ne ke zancensa. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Na rako ta bakin layi.

Babi na shida da dare. Sunan Gatsby na yanka James Gatz, ɗan talakawan manoma a North Dakota. Yana da shekara 17 ya hango jirgin ruwan wani attajiri, Dan Cody, a tafkin Superior, ya tuƙa kwalekwale ya je ya ba da sabon suna. Shekara biyar yana yi masa hidima. Cody ya bar masa dala 25,000, wata mace ta bi ta hannun lauyoyi ta cinye. Ya fito da ladabin masu kuɗi, aljihu wayam.

To kafin Daisy ma akwai burin. Ita ya samu ya rataya shi a wuyanta. Abin da yake nema a wajenta ya fi ƙarfin mace: ta je ta ce wa Tom ba ta taɓa sonsa ba, a goge shekarun, su koma Louisville a ɗaura daga gidan iyayenta kamar ba a yi komai ba. Nick ya ce masa jiya ba ta dawowa. Ya yi mamakin a ce ba ta dawowa.

Alhamis, 14

Wayar Auta a kashe tun jiya.

Juma'a, 15

A kashe. Abokin da suke ɗaki ɗaya ya ce ya yi tafiya, bai san ina ba. Na ce wa Hajiya matsalar sabis ce. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da jan carbi.

Barci ya ƙi. Babi na bakwai, mafi tsawo, rana mafi zafi. Kafin su fita aka shigo da 'yar Daisy ta gaida baƙi, Gatsby na ta kallon yarinyar kamar bai taɓa yarda akwai ta ba. Sai ɗaki a otal ɗin Plaza. Tom ya yi bincikensa: shagunan magani da Gatsby da Wolfsheim suka saya suna sayar da barasa a ciki, da wata harka da ta fi wannan. Tom ɗin da ya fasa wa farkarsa hanci, yau shi ne mai wa'azin martabar iyali. Gatsby ya matsa wa Daisy ta faɗa. Ta ce tana sonsa, amma Tom ma ta so shi a da. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta gama da shi.

A hanyar komawa motar Gatsby, rawaya, ta take Myrtle a gaban gareji. Daisy ce ke tuƙi. Ya ce zai ɗauka a kansa. Ya tsaya cikin duhu a wajen gidanta yana gadi kada Tom ya taɓa ta. Nick ya leƙa ta tagar kicin: mata da miji a tebur, soyayyar kaza mai sanyi a tsakaninsu, hannun Tom a kan nata, suna shawara.

Abin da kuɗin gado ke saya kenan wanda sabon kuɗi ba ya saya. In ta ɓaci akwai inda za a shige a rufo ƙofa. Gatsby ya fi Tom riguna, amma ba shi da dangi, ba shi da suna, ba mai tsaya masa. Shi ne a waje.

Ƙarfe uku. Na sake gwadawa. A kashe.

Asabar, 16

Tunani marar daɗi duk yini. Sauran da muka karanta a aji suka yi ta dawo mini. An American Tragedy na Dreiser, shi ma 1925: Clyde ya hango 'yar masu kuɗi, ga ma'aikaciyar da ya yi wa ciki ta tare hanya, ƙarshenta tafki, ƙarshensa kujerar lantarki. Daga shari'ar gaske aka ɗauko, kisan Grace Brown a 1906. Martin Eden na Jack London, matuƙin jirgin da ya kashe kansa da karatu don Ruth, ta guje shi, ta dawo da ya yi suna, lokacin ya daina so. Ƙasar da ke cewa kowa zai iya zama kowa, manyan marubutanta ba su yarda da ita ba.

Namu sun fi tausayi. A In Da So Da Ƙauna ai Sumayya ta sha wuya amma ta samu Muhammad ɗinta. Yau irin wannan nake bukata, ban san wa na ara wa nawa ba.

Lahadi, 17

Ya kira! Baƙuwar lamba. Wai Kwatano ya je karɓo kaya, waya ta faɗi. Muryar a dishe. Ban tambaya ba, ban so in ji. Hajiya ta karɓa ta yi ta faɗa tana kuka, ya yi ta "ki yi haƙuri Hajiya". Na dafa taliya da manja muka ci kamar ranar Sallah.

Ya ce ragowar kuɗin Alhamis.

Talata, 19

Na gama.

Gatsby ya ƙi gudu. Ya ce a kawo masa waya bakin kududdufin wanka in an kira, wankan da bai taɓa yi ba duk bazarar. Daisy ba ta kira ba. Wilson ya zo da bindiga, Tom ne ya nuna masa gidan.

Nick ya yi ta buga waya neman masu zuwa jana'iza. Wolfsheim ya ce ba ya shiga irin wannan. Wani da ya daɗe yana kwana a gidan kyauta ya kira, takalmansa na wasa yake so a aika masa. Daisy da Tom sun ɗaure kaya sun bar gari, ba adireshi, ko fure ba ta aiko ba. A maƙabarta Nick, uban, limamin coci, 'yan aikin gida, ɗan aiken gidan waya, sai mai tabaran nan na ɗakin karatu. Cikin ruwan sama.

Uban ne ya karya ni. Tsoho Henry Gatz daga Minnesota, a jarida ya gani. Yana yawo cikin gidan yana alfahari, hoton gidan ma na aljihunsa duk ya tsufa da nunawa. Ya zaro wani tsohon littafin labarin kaboyi na ɗansa, a shafin baya jadawali da hannun yaro, 12 ga Satumba 1906. Tashi ƙarfe shida. Motsa jiki. Karatun lantarki. Koyon magana a gaban jama'a. Adana dala biyar a mako, ya soke ya mai da uku. A ƙasa, kyautata wa iyaye.

Wannan soke biyar ɗin. Yaro mai gaskiya ne har da kansa a lokacin.

Fitzgerald ya rasu 21 ga Disamba 1940 a Hollywood yana da shekara 44, kwafen littafin na jibge a ma'ajiyar kamfani ba mai saya. Sai a yaƙin duniya na biyu da aka raba wa sojoji kwafi 155,000 ya farfaɗo. Bai gani ba.

Alhamis, 21

Ba alat.

Na ba Malam labarin littafin bayan isha'i. Ya saurara har ƙarshe. Hukuncinsa gajere: mai sayar da giya ne ya bi matar aure, me ake kuka a kai? Na ce haka ne. Amma cikin su duka shi kaɗai ne ya so wani abu fiye da jin daɗin kansa, sauran ɓarna suke yi su bar wa wasu shara. Malam ya ce son da bai san halin wadda ake so ba, son kai ne da ya sa babbar riga. Na rasa amsa. Har yanzu ina nema.

Juma'a, 22

Na kira shi da kaina. Na ce Auta akwati biyu za a yi, yarinyar ba ta nemi shida ba, kuma ka kira ta ka yi mata murnar makaranta.

"Yaya, so kike a raina ni? Ki san da wa nake takara fa."

Na ce wancan ba za ka taɓa fin shi akwati ba, ko goma ka kai zai kai ashirin. Na ce kuma ka gaya mini kayan me ka karɓo a Kwatano. Shiru. Sai "zan kira ki". Ya kashe.

Na ɗora sanwa, hannuna na rawa.

Lahadi, 24

Watan Maulidi na bakin ƙofa. Hajiya ta aika aka kira Baffa, suka daɗe a ɗaki. Ya fito yana gyara hula, ya ce ranar Asabar za su je da goro da alewa da abin da ya sawwaƙa, neman aure dai ba gwanjo ba ne, in sun karɓa to, in sun ƙi an fita haƙƙi.

Akwati biyun da kuɗin adashina da gudummawar Malam zan haɗa, Talata zan koma Kwari. Na Auta na nan a asusu yadda ya turo su, sai ya faɗi inda suka fito. Bai kira ba tukuna, kuma bai san Baffa ya sa ranar zuwa ba.